Mai Minsharin da Ke Kwana Ido Biyu

Duk wanda ya taɓa ɗan jimawa a kantin magani bayan sallar isha'i ya san irin wannan ciniki. Wani magidanci zai shigo, ya jingina da kanta, ya rage murya ya ce, "Don Allah ka taimaka min da abin da zai sa ni barci. Wata uku ke nan, ƙarfe biyu na yi sai in farka, shi ke nan kuma sai dai in ji kiran assalatu." Mai kemis ya miƙa hannu ya zaro Piriton, ko Lexotan idan sun saba, ya ce a sha ɗaya kafin a kwanta. Ba zai tambaye shi ko yana minshari ba. Shi ma mutumin ba zai faɗa ba, don a wurinsa minshari shaidar barci mai nauyi ne, shi kuwa barcin ne ya nema ya rasa.

A cikin masu irin wannan kuka akwai da yawa da abin da ke tashinsu cikin dare yana cikin maƙogwaronsu. Suna da ciwon toshewar numfashi a cikin barci, wanda likitoci ke kira afniya, daga kalmar Girkanci mai ma'anar rashin numfashi. Haɗuwar ciwon nan da rashin barci a jikin mutum ɗaya abu ne da likitocin barci da kansu suka daɗe suna wucewa ta gefensa.

Mu fara da abin da ke faruwa a wuya. Daga bayan hanci zuwa maƙogwaro, hanyar iska tsoka ce zalla, babu ƙashin da ya tokare ta. Da rana tsokokin suna a ɗame, hanya a buɗe. Da barci ya ɗauki mutum sai su saki, harshe ya ɗan koma baya, ganɗa da beli su sauko. Ga yawancin mutane hanyar takan ɗan matse ne kawai. Amma ga wanda kitse ya taru masa a wuya, ko mai babban harshe, ko mai ƙaramar haɓa da ta shige ciki, ko wanda tonsil ɗinsa, wato ƙullutun naman nan biyu da ke gefen maƙogwaro, suka yi girma, hanyar takan manne gaba ɗaya. Ƙirji na ta faman ja, iska ba ta shiga. Iskar oksijin a jini ta fara sauka, gurɓatacciyar iska ta taru, har ƙwaƙwalwa ta ga abin ya kai intaha ta zabure shi. Tsoka ta ɗame, hanya ta buɗe da wani irin gurnani, ya ja numfashi uku ko huɗu, ya koma barci, a sake sabon lale.

Matan da suka kwana kusa da irin waɗannan maza sun fi kowa iya siffanta abin. Minsharin yana tashi yana tashi, sai kawai ɗif. Ɗaki ya yi tsit har ana jin ƙarar fanka. Ta ɗaga kai ta dube shi, ciki na motsi, baki a buɗe, babu numfashi. Ta ƙirga goma, goma sha biyar, har ta kai hannu za ta taɓa shi, sai ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe ta faɗa masa, ya ce ita dai ba ta rabo da ƙarin gishiri.

Likitoci suna ƙirga tsayawar numfashi idan ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, su haɗa da lokutan da numfashin ya ragu sosai bai tsaya ba, su raba da awannin barci. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya ciwo ne mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Lancet Respiratory Medicine a 2019 ya ce mutum kusan miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 425 daga cikinsu nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani.

Hoton da aka saba da shi na mai wannan ciwo shi ne ƙaton mutum mai teɓa, wanda da ya zauna a majalisa sai gyangyaɗi, ana huɗubar Juma'a yana tafka barci, a bayan sitiyari ma ido na rufewa. Hoton gaskiya ne, sai dai bai ɗauki kowa ba. A ƙasar Aislan an bi diddigin marasa lafiya 822 da aka tabbatar suna da matsakaici ko tsananin toshewar numfashi, aka karkasa su bisa abin da suke kuka da shi. Sakamakon da Lichuan Ye da abokan aikinta suka buga a 2014 ya nuna kusan kashi 43 cikin ɗari ne masu yawan barcin rana. Kusan kashi 25 ba su da wani ƙorafi na a zo a gani. Sauran, kusan kashi 33, kukansu shi ne barci ya ƙi: wahalar farawa, yawan farkawa, juye-juye. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, a ma'aunin yawan tsayawar numfashi rukunin uku kusan kansu ɗaya. Ciwo ɗaya, tsanani ɗaya, amma wannan barci na sace shi a kan tabarma da rana tsaka, wancan kuwa yana roƙon barci cikin dare.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun a 1973 Christian Guilleminault, likita Bafaranshe da ke aiki a Jami'ar Stanford a Amurka, tare da Frederic Eldridge da William Dement, suka buga rahoto a mujallar Science game da rashin barci haɗe da ɗaukewar numfashi, suka kira shi sabon ciwo. Bayan haka sai fannin ya rabu gida biyu. Likitocin huhu suka ɗauki minshari da numfashi, likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam suka ɗauki rashin barci, kowa ya kama gabansa. Mara lafiyar da ke ɗauke da duka biyun, ƙofar da ya fara ƙwanƙwasawa ita ke yanke masa sunan ciwonsa. Sai a 2017 Alexander Sweetman da Leon Lack da abokan aikinsu a Jami'ar Flinders da ke Adelaide a Ostareliya suka raɗa wa haɗakar suna, COMISA, sunan da yanzu ya karɓu. Jimillar binciken da aka yi ta nuna kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu toshewar numfashi suna da alamun rashin barci, kuma kashi 30 zuwa 40 na masu rashin barci idan aka auna su sai a tarar numfashinsu na toshewa.

Ya kamata a nan a fayyace me ake nufi da rashin barci, don ba duk daren da mutum ya kasa runtsawa ake kira ciwo ba. Wanda aka yi wa rasuwa, ko yake jiran sakamakon jarrabawa, ko zafin watan Afrilu da sauro suka hana shi sakat, wannan daban. Ciwon da ake magana shi ne mutum ya samu lokaci da wurin kwanciya amma barci ya gagara, aƙalla dare uku a mako, har wata uku, kuma abin ya shafi yininsa. Yana zuwa ta fuska uku: a kwanta barci ya ƙi zuwa, ko a yi ta farkawa a tsakiyar dare, ko a farka tun kafin lokaci a kasa komawa. Wannan rarrabewa tana da amfani ƙwarai, za mu dawo kanta.

Yaya toshewar numfashi ke haifar da rashin barci? Yawancin zaburar da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai ciwon ba ta wuce 'yan daƙiƙu, ba ya ma tuna ta. Amma kowace ɗaya tana zuwa da kwararar sinadaran fargaba irin su adirenalin, zuciya ta buga da sauri, jini ya hau. Wani lokaci zaburar takan yi ƙarfi har ta kai shi ga cikakkiyar farkawa. Ya buɗe ido, gaba na faɗuwa, baki a bushe, amma numfashi ya riga ya dawo daidai, don haka babu wata shaida da ta rage. Sai ya nemi dalili a wani wuri. Ya ce tunani ne, ko bashi, ko mafarki, ko haushin karen maƙwabta. Wasu, musamman waɗanda suka farka da jin an shaƙe su, sukan ce dannau ne, a tafi neman rubutu da hayaƙi. Dannau na gaske, wanda mutum ke farkawa ya kasa motsa gaɓɓansa na ɗan lokaci, wani abu ne daban, ko da yake yankewar barci kan ƙara yawansa.

Barry Krakow, wani likitan barci a jihar New Mexico ta Amurka, ya gwada wannan a ƙaramin bincike da aka buga a 2012. Ya ɗauki mutum 20 masu daɗaɗɗen rashin barci waɗanda ba su da alamun ciwon numfashi da aka saba gani, ya tambaye su abin da ke tashinsu. Suka lissafa fitsari, mafarki da makamantansu. Babu wanda ya ambaci numfashi. Da aka kwantar da su a ɗakin gwaji, kusan kashi 90 cikin ɗari na farkawar da suka yi ta biyo bayan tangarɗar numfashi ne. Mutum 20 ba su isa a yanke wa duniya hukunci ba, amma sun isa su nuna cewa abin da mutum ya ce ya tashe shi da abin da ya tashe shi suna iya shan bamban.

Batun fitsari ma akwai abin dubawa a ciki. Dattijo da ke tashi sau uku ko huɗu zuwa bayi yakan ɗora laifin a kan mafitsara, ko ciwon suga, ko tsufa, kuma sau da yawa yana da gaskiya. Amma akwai wata hanyar. Yayin da ƙirji ke jan iska a hanyar da ta toshe, matsin da ke cikinsa yakan sa jini mai yawa ya kwararo zuwa zuciya, bangonta ya miƙe. Zuciya sai ta ɗauka ruwa ya yi wa jiki yawa, ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa. Mafitsara ta cika a lokacin da ya kamata a ce ƙoda ta rage aiki. Mutum ya tashi, ya kunna tocila, ya fita tsakar gida, ya dawo ido ya bushe.

Daga nan ne abin ke rikiɗa ya zama ciwo mai cin gashin kansa, kuma a ganina wannan ne wurin da aka fi yin kuskure. Mutumin da ya shafe watanni yana farkawa yana juyi a kan gado ɗaya, jikinsa yakan koyi darasi. Gado ya daina zama wurin hutu, ya koma fagen fama. Tun magariba yake fara lissafin yadda daren zai kasance. Ya kwanta da wuri don ya rama na jiya, ya daɗe a kwance da safe, ya yi doguwar ƙailula, ya riƙa danna waya yana duba ƙarfe nawa. Da rana ya tallafi kansa da goro da shayi mai kauri da Nescafé, alhali kafeyin, sinadarin hana barci da ke cikinsu, yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya fita daga jini, wato goron la'asar yana nan daram a lokacin kwanciya. Arthur Spielman ya bayyana wannan tun shekarun 1980: akwai abin da ke sa mutum ya zama mai saurin kamuwa, akwai abin da ya tayar da ciwon, akwai kuma ɗabi'un da ke raya shi bayan abin da ya tayar da shi ya wuce. Toshewar numfashi tana iya zama wadda ta kunna wutar, amma ko an gyara ta wutar na iya ci gaba da ci da itacen da mutum ke tura mata da hannunsa.

Hanyar kuma ba ta tafiya gefe ɗaya. Numfashi ya fi tangal-tangal a bakin ƙofar barci, lokacin da mutum ke tsakanin farke da barci, da kuma cikin barci marar nauyi. Idan aka nutsa cikin barci mai zurfi toshewar takan ragu. Mai rashin barci kuwa a bakin ƙofar nan yake kwana, ya shiga ya fito. Binciken Danny Eckert da abokan aikinsa ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu toshewar numfashi suna da saurin zabura: hanya ta ɗan matse kaɗan sai su farka, tun kafin tsokokin maƙogwaro su samu damar gyara abin da kansu. Da sun farka sai su ja numfashi fiye da kima, gurɓatacciyar iskar da ke zaburar da numfashi ta yi ƙasa sosai, da sun koma barci numfashin ya sake rauni, hanya ta sake rufewa.

Haɗuwar biyun ta fi kowanne shi kaɗai illa. Masu ita sun fi fama da kasala, ɓacin rai da ciwon damuwa. A 2022 Bastien Lechat da abokan aikinsa sun buga nazari a European Respiratory Journal kan mutum 5,236 na wani daɗaɗɗen binciken barci da lafiyar zuciya a Amurka, waɗanda aka bi kimanin shekara 15. Masu ciwon biyu a haɗe sun ninka marasa ko ɗaya wajen yiwuwar hawan jini, kuma haɗarin mutuwarsu a tsawon lokacin ya ɗara da kashi 47 cikin ɗari. Irin wannan nazari alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa wannan ne ya jawo wancan kai tsaye. Duk da haka, mai hawan jinin da ya ƙi sauka duk da magani kala uku, kuma yake kukan barci, ya cancanci a tambaye shi yadda yake numfashi da dare.

Gano ciwon yana da nasa tarnaƙin. Mata ne aka fi kasa gano nasu. Mace mai toshewar numfashi ta fi zuwa da kukan rashin barci, gajiya, ciwon kai da safe da ƙuncin rai, maimakon minshari da gyangyaɗi, kuma haɗarin yana ƙaruwa sosai bayan ɗaukewar al'ada. Ga kunya: wace uwargida ce za ta zauna gaban likita ta ce tana minshari? Sai a rubuta mata maganin damuwa a sallame ta. Sannan ciwon yana bukatar mai shaida, tsarin kwanan gidajenmu kuwa bai cika samar da shi ba. Maigida na turakarsa, kowace mace na ɗakinta, kwana na zagayawa. Bazawara ko gwauro ko tsohuwar da ke kwana da jikoki ƙanana ba su da wanda zai ce musu numfashinsu na ɗaukewa.

Takardun tambayoyin da asibitoci ke amfani da su ma suna iya ruɗarwa. Ma'aunin Epworth, wanda Murray Johns ya tsara a Melbourne a 1991, yana tambayar yiwuwar mutum ya yi gyangyaɗi a yanayi takwas, kamar karatu ko zama a mota. Mai rashin barci yakan ci maki kaɗan, don shi a gajiye yake amma ko ya kwanta da rana barcin ba ya zuwa. Likitan da ya dogara da wannan kaɗai zai ce ba shi da matsalar numfashi. Ma'aunin STOP-Bang da Frances Chung ta fitar a Toronto a 2008 ya fi dacewa a nan, don yana duba minshari, gajiya, shaidar ɗaukewar numfashi, hawan jini, ƙiba, shekaru sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Ko shi ɗin, da yake ya ba maza maki ɗaya kyauta, yakan tsallake mata.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata duk wanda aka ba ƙaramar na'urar gwaji ya tafi da ita gida ya sani. Yawancin irin waɗannan na'urori ba sa auna ƙwaƙwalwa, don haka ba su san lokacin da mutum ke barci da lokacin da yake kwance ido biyu ba. A ce ta yi awa 8 a jikinsa, ta ƙirga tsayawar numfashi sau 80. Za ta raba 80 da 8 ta ce 10, ciwo mai sauƙi. Idan kuwa awa 4 kacal ya yi barci, ainihin adadin 20 ne, matsakaici. Shi ya sa ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2017, ta ce mai tsananin rashin barci a yi masa cikakken gwaji na kwana a ɗakin gwaji, wanda ake liƙa wayoyi a kai.

Magani mafi shahara na toshewar numfashi shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙira a Sydney ya kuma buga sakamakonta a 1981. Injinta na farko da injin na'urar zuƙe shara aka haɗa shi, aka juya shi yana hura iska maimakon zuƙa. Aikinta shi ne tura iska ta takunkumin hanci don ta tokare maƙogwaro kada ya manne. Ga mai yawan barcin rana abin kamar sihiri ne, ya ɗaura ya yi barci, ya tashi garau. Amma a ɗauki mutumin da ƙarar agogon bango ma ke hana shi barci, a ɗaura masa roba a fuska, da tiyo, da iska na busa masa hanci, a ce ya kwanta. Zai yi awa ɗaya yana sauraren numfashinsa, ya fizge ta ya ajiye. Bayan mako biyu ta koma cikin kwali a saman sif.

A nan ne rarrabewar nan ta fuska uku ke aiki. Marasa lafiyar Aislan ɗin nan, an sake duba su bayan shekara biyu, Erla Björnsdóttir da abokan aikinta suka buga abin da suka gani a 2013. A cikin waɗanda suka riƙe na'urar, masu kukan farkawar tsakiyar dare sun ragu daga kusan kashi 59 zuwa kusan kashi 31 cikin ɗari. Wahalar fara barci kuwa tana nan, da na'ura da babu. Kuma masu wahalar farawa da masu farkawar wuri su ne suka fi watsar da na'urar. Ma'ana, farkawar tsakiya sau da yawa 'yar toshewar numfashi ce, idan aka buɗe hanya takan lafa. Wanda kuwa yake kwanciya ya yi awa biyu barci bai zo ba, numfashinsa bai ma kai ga toshewa ba tukuna, don haka iska ba za ta yi masa maganin wannan ba.

Abin da ke yi masa magani shi ne horon gyaran tunani da ɗabi'ar barci, wanda ake kira CBT-I, wanda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce a 2016 shi za a fara gabatarwa kafin ƙwaya. Ginshiƙansa biyu ne masu wuyar haɗiya. Na farko, wanda Richard Bootzin ya tsara a farkon shekarun 1970: kada ka hau gado sai barci ya zo maka, idan ka kwanta kusan minti 20 bai zo ba ka tashi ka zauna wani wuri cikin haske kaɗan har sai ya dawo, kuma ka tashi lokaci ɗaya kullum komai munin daren. Na biyu shi ne taƙaita zaman gado. Wanda ke kwanciya awa 9 yana samun barcin awa 5 da rabi, sai a ce ya kwanta awa 6 kawai, har yunwar barci ta taru ta haɗe masa shi wuri ɗaya, sannan a riƙa ƙara masa minti 15 zuwa 30 mako-mako. Mu da asuba ta riga ta kafa mana lokacin tashi, rabin aikin ya samu. Inda ake ɓata shi shi ne komawa bayan salla a yi ta mirgine-mirgine har hantsi.

Masu binciken Flinders sun gwada jera magungunan biyu a kan mutum 145, aka buga a 2019. Rabi aka yi musu zama huɗu na wannan horo kafin a ba su CPAP, rabi aka ba su na'urar kai tsaye. Waɗanda aka fara yi wa horon sun fi karɓar na'urar, kuma sun fi sauran amfani da ita da kimanin minti 61 a kowane dare. Tun kafin a ɗaura musu na'urar ma, yawan tsayawar numfashinsu ya ɗan ragu, abin da ya dace da bayanin da ya gabata cewa barci mai zurfi yana daidaita numfashi. Wani gwajin da Jason Ong ya jagoranta a Chicago, wanda ya fito a 2020, bai ga irin wannan ƙarin amfani da na'ura ba, amma shi ma ya ga rashin barcin ya fi warkewa idan an haɗa da horon. A wurina darasin a fili yake: a duba duka biyun tun ranar farko, kuma idan kukan mutum na fara barci ne, a gyara wannan kafin a miƙa masa takunkumi. Sai dai taƙaita zaman gado yakan ƙara jin barci da rana a makon farko. Direban tirela ko na haya, ko mai aiki da inji, wanda numfashinsa bai samu magani ba, bai kamata ya gwada wannan shi kaɗai ba tare da likita ba.

Mu koma kantin maganin da muka baro. Diazepam da Lexotan da danginsu suna sassauta tsoka, suna kuma dakushe zaburar da ƙwaƙwalwa ke yi, wadda ita ce ke ceton mai toshewar numfashi kowane dare. Ga wanda oksijin ɗinsa ke faɗuwa ƙasa sosai, hakan na iya tsawaita ɗaukewar numfashin. Ga saurin sabo, ga dawowar rashin barcin da ƙarfi ranar da aka daina. Idan aka haɗa da giya, ko tramadol, ko ruwan kodin wanda gwamnatin Nijeriya ta haramta sarrafawa da shigo da shi a matsayin maganin tari a 2018, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin waɗannan suna danne cibiyar numfashi da ke ƙwaƙwalwa ita kanta. Gaskiya ne an gwada wasu sababbin magungunan barci, irin su eszopiclone, aka ga ba su tsananta ciwon ba a wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya, har sun ɗan taimaki masu saurin zabura. Amma an yi hakan ne bayan an auna numfashin kowa an san matsayinsa, abin da ba ya faruwa a bakin kanta.

Na san mai karatu a Gusau ko Maraɗi zai ce duk wannan zancen masu wuta ne. Ɗakunan gwajin barci kaɗan ne a ƙasashenmu, galibi a manyan birane, na'urar CPAP da tsada, kuma tana son lantarkin da zai kwana bai ɗauke ba, sai dai a haɗa ta da batir ko sola. Amma ba komai ne ke jiran na'ura ba. Rage ƙiba yana rage toshewar sosai ga mai teɓa. Mutane da yawa ciwonsu ya fi tsanani idan sun kwanta rigingine, don harshe na faɗawa baya, kwanciya a gefe kuwa, wadda dama ita aka hore mu da ita, tana sauƙaƙa shi. Wasu sukan ɗinka ƙaramar ƙwallo a bayan rigar barci don ta hana su juyawa. Toshewar hanci, musamman lokacin hunturu da ƙura, a nemi maganinta. Akwai kuma roba da likitan haƙori ke yi wadda ke turo muƙamuƙin ƙasa gaba, tana aiki ga mai sauƙi da matsakaicin ciwo, kuma ba ta bukatar wuta. Yanke beli wurin wanzami dai ba ya cikin lissafi, don toshewar ba a wuri ɗaya take ba, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta.

Matsalar rashin mai shaida kuwa, wayar da ke hana mutane barci tana iya yin wannan aikin. A kunna ɗaukar murya, a ajiye ta kusa da matashin kai, a bar ta ta kwana. Da safe a saurara a nemi wuraren da minshari ya yanke ɗif, shiru ya biyo baya, sannan gurnani. A haɗa da takarda ta mako biyu da aka rubuta lokacin kwanciya, kimanin lokacin da barci ya zo, sau nawa aka farka, sau nawa aka fita fitsari, da goro ko shayin da aka sha bayan azahar. Wannan ba ya maye gurbin gwajin asibiti, amma likitan da aka ajiye wa muryar da takardar a kan tebur zai yi tambayoyin da mai kemis bai yi ba.